Wa ya taɓa jimla?

Kwana biyu na yi ina fama da wata ƙaramar manhaja da na rubuta da harshen C. Akwai wani bariyabul a ciki, wato wurin da manhaja ke ajiye bayani, da na raɗa wa suna jimla, aikinsa kawai ƙirga layukan da aka karanto daga fayil. Kamata ya yi ya tsaya a 10, amma sai in tarar da wata doguwar lamba marar kan gado a cikinsa.

Na yi abin da na saba, na barbaza printf, umarnin da ke nuna abu a allo, ko'ina. Duk inda na rubuta jimla na duba, ƙalau yake. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da na ƙara wani bariyabul don ya taimaka mini wajen bincike, sai matsalar ta ɓace ɓat. Na cire shi, ta dawo.

Wani da ya riga ni fara aikin ya leƙo ya ga allona cike da lambobi. Ya ce, "Malam, kai tambaya kake ta yi nawa ne a ciki. Ka tambaya wa ya zuba mana."

Ya sa na sake haɗa manhajar da alamar -g mai saka bayanan bincike, muka buɗe GDB, manhajar farautar kurakurai, muka tsayar da manhajata a farkon aikin, don sa gadi a kan jimla ya rubuta watch jimla if jimla > 10. Muka sake ta. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba ta tsaya, ga tsohuwar lamba, ga sabuwa. Sai dai layin da ta tsaya a kai ko sunan jimla babu. Wani zagaye ne, wato umarnin da ke ta maimaituwa, da ke cika jeri mai gurbi 10, ni kuma na rubuta i <= 10. Gurabun daga 0 suke farawa su ƙare a 9, don haka rubutu na 11 ya tsallake iyaka ya faɗa kan maƙwabci, wato jimla. Harshen C kuwa ba ruwansa, ba ya duba iyakar jeri. Shi ya sa sabon bariyabul ɗin nan ya ɓoye laifin, shi ne ya shiga tsakani yana shan dukan.

Daga baya na fahimci watch yana da nasa hali. Bayan an riga an yi rubutun yake tsayawa, don haka wani lokaci layin gaba zai nuna maka, sai ka waiwaya baya kaɗan. A kwamfutoci masu na'urar sarrafawa irin x86 adireshin ma'ajiya 4 kacal na'urar ke iya gadi a lokaci guda. Idan kuma GDB ya koma yin gadin da kansa, mataki-mataki yake bi, tafiyar hawainiya ke nan. Haka nan idan bariyabul na cikin wani aiki ne, wato wani sashe na manhajar, da aikin ya ƙare gadin ya tashi, sai dai ka rubuta watch -l don ya riƙe adireshin kansa.

Gyaran dai alamar = ɗaya na goge. Share tulin printf ɗin da na zuba shi ya cinye mini sauran yammacin.