Renon Bishiyar Bakai a Ohayo: Irin da Ba a Shanyawa

Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san ƙa'idar iri: a shanya shi ya bushe ƙarau, sannan a adana. To ƙwallon bakai (buckeye, wata bishiyar Amurka) wannan ƙa'idar ce ke kashe shi, kuma har yau abin na ci mini tuwo a ƙwarya, don ba ya nuna alama. Ƙwallon da ya yi 'yan makonni a kan tebur a ɗaki mai ɗumi yana nan da launinsa, sai ɗan yamushewa a ɓawo, amma ciki ya riga ya mutu. Ka binne shi, ka yi ta zuba ido har watan Mayu, ka tona ka tarar da ruɓaɓɓe. Shekara guda ta tafi a banza ke nan, tunda 'ya'yan sau ɗaya suke nuna.

Wadda nake reno ita ce mai jan fure, Aesculus pavia a bakin masana tsirrai, 'yar asalin kudu maso gabashin Amurka. Da wuya ta wuce mita 3 zuwa 6, don haka tana shiga ƙaramin fili a bayan gida. Kada a haɗa ta da Aesculus glabra, wadda jihar Ohayo ta Amurka ta ɗauka a matsayin bishiyarta a 1953. Waccan babba ce, furenta rawaya-rawaya mai ratsin kore, kwanson 'ya'yanta da ƙaya. Na mai jan fure sumul yake.

Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba kwanson ke tsagewa. A lokacin nake tsinta, in zaɓi masu nauyi a hannu, masu ƙyalli, waɗanda ɓawonsu ya ɗame. A ranar suke shiga ƙasa, ko kuwa leda mai yashi da danshi. Ba gobe ba, a ranar. Ko awa biyu zan yi a hanya, da ledar nake fita.

Shuka kai tsaye ta fi sauƙi: zurfin santimita 3 zuwa 5, a rufe, a ɗora ragar waya mai ƙananan idanu, a danne gefenta da bulo. In babu raga, kurege ka shuka wa, don yana iya tone rami tun kafin gari ya waye. Wanda ya fi son firji kuwa, 'yar Ohayo, wato glabra, tana buƙatar kusan kwana 120 a sanyin digiri 1 zuwa 5 kafin ta tsiro, ba a wajen ƙanƙara ba. Mai jan fure ba ta jira haka, sau da yawa cikin makonni kaɗan farar saiwa ta fasa ɓawo, sai a riƙa leƙa ledar duk mako biyu. Yashin ya zama in ka dunƙula ya riƙe, amma ruwa bai ɗiga ba. Nan ma bushewa ce abokiyar gaba: firji yana tsotse danshi a hankali, ledar da ba a ɗaure da kyau ba za ta yi maka shanyar da kake gudu.

Saiwa ce ke fara fita, doguwa guda ɗaya mai nutsawa ƙasa, tun kafin ka ga komai a sama. Tukunyar da ba ta kai zurfin santimita 30 ba za ta nannaɗe ta. Bishiyar ba ta son dashe in ta girma, gara a kai ta mazauninta a shekarar farko. Wurin da ya fi dacewa shi ne inda take samun ranar safe, inuwa ta rufe ta daga azahar, ƙasar kuma mai riƙe danshi ba tare da ruwa ya kwanta ba. A shimfiɗa ɓarzajjen ɓawon itace kaurin santimita 5 zuwa 8 a kewaye, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindin. A shekara biyun farko, duk makon da ba a yi ruwan kirki ba, bokiti ɗaya ko biyu a hankali, ya ratsa ƙasa. Yayyafin kullum ba ya kaiwa ga saiwar.

Girmanta na ban haushi ne ga mai gaggawa. Tana cikin na farko da ke fitar da ganye bayan hunturu, ta yi tsawon da za ta yi na shekarar cikin 'yan makonni, shi ke nan ta tsaya cak. Ƙara mata taki a watan Yuli ba ya motsa ta. Sai kuma Agusta, inda ganyen ke ƙonewa ya zube alhali sauran bishiyoyin unguwa suna kore shar. Mutane da yawa a nan suke tuge ta, wai ta mutu. Abu biyu ke kawo haka. In bakin ganyen ne ya soye daga gefe zuwa ciki, zafi ne da ƙarancin ruwa. In kuwa manyan tabo ne ja-ja masu zoben rawaya, cutar fumfuna ce da ke yaɗuwa a shekarar da aka yi ruwa da yawa a Afrilu da Mayu. Duka biyun ba sa kisa. A duba kan reshe: in akwai ƙullin toho mai ƙiba, in kuma ka kankare ɓawo da farce ka ga kore, lafiyarta lau. Ni ba na feshi. Share ganyen da ya zube kawai nake yi in fitar da shi daga gidan, don a cikinsa cutar ke kwana ta dawo baɗi.

Ladan yana zuwa a shekara ta uku ko ta huɗu, tana ƙasa da ƙugun mutum ma. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, kowane kan reshe ya ɗaga zangarniyar fure ja mai tsawon santimita 10 zuwa 20, a saman ganyen nan mai yatsu biyar. Daidai lokacin 'yan mitsi-mitsin tsuntsayen nan masu tsayawa a iska suna tsotsar fure ke dawowa daga kudu, kuma ba sa wuce ta.

Sai dai a sani, bishiyar guba ce: ƙwallon, ganyen da ɗanyen toho. Tana kayar da shanu da dawakai, 'yan asalin Amurka ma da dakakken ƙwallon suke sumar da kifi a ruwa. Ƙwallon ya yi kama da goro a girma, yaro zai kai shi baki ba tare da tunani ba, don haka a gidan da ke da yara a riƙa kwashe su da zarar sun faɗo, ko a tsinke kwanson tun yana ɗanye a Yuli. Masu cewa a riƙo musu iri su gwada a Kano ko Damagaram, ban taɓa ba su ba. Tana buƙatar sanyin hunturu na watanni wanda babu shi a can, kuma ba bishiyar da za a dasa inda awaki ke yawo ba ce.