Godiya bayan aikin idon Inna

Alhamdu lillahi, an sallamo mu. Inna tana gida, an cire yanar, idon dama ya buɗe tar. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba, ku yi mini uzuri, gajiya ce ta yi mini rubdugu.

Kun san abin da ya hana mu barci. Makaho da hannu yake laluben hanya, ita kuwa kuturta ta daɗe da kashe mata ji a tafin hannu da na ƙafa. Ido ne ke gaya mata murfin tukunya da zafi, shi ke nuna mata ƙaya ta shige ta. Da yanar ta rufe shi, sai ƙuna da gyambo suka dawo sabo. Likita bai taɓa ta ba sai da ya duba katinta na asibitin kutare na Yadakunya, ya ga ta gama maganin wata 12 tun tuni, ya kuma tabbatar babu kumburi a cikin idon.

Za a shiga da ita, jikinta na ɓari, aka ce in tari ya taso mata ta matse hannun nas. Inna ta tura hannuwanta cikin mayafi, yadda ta saba a gaban baƙi. Nas ɗin, yarinya ce sa'ar autarmu, ta ɗaga mayafin da kanta, ta kama dungun, tana latsawa tana yin sama: "Mama, nan kina ji? Nan fa?" Sai a wuyan hannu Inna ta ce tana ji. Nan ta riƙe, kuma Inna ta ce ba ta sake ta ba har aka gama. Ƙanwata nas, Allah ya riƙe ki ranar da babu mai riƙon wani, ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙanki, ya haskaka kabarin magabatanki.

Kawu, na san ba ka son a faɗa, amma kai ka biya kuɗin aikin. Allah ya mayar maka da ninkinsa. Maƙwabciyarmu da ke shigowa ɗiga mata magani, tunda ba ta iya matsa kwalbar, Allah ya biya ki da Aljanna. Liman da jama'ar masallacin unguwa, mun ga amfanin addu'arku.

'Yan uwan da ko leƙe ba su yi ba, ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gama shan magani ba ya shafa wa kowa, ƙofa a buɗe take.

Saura idon hagu. Fatarsa ba ta rufuwa sosai, likita ya ce ita za a fara gyarawa. A ci gaba da sa ta a addu'a.