Na je Alƙahira dashen haƙori

Mako guda ke nan da dawowata daga Masar, kuma duk wanda ya zo yi mini sannu da zuwa sai ya ce in buɗe baki ya ga sabon haƙori. Babu abin gani tukuna, giɓin yana nan yadda aka san shi. Turame biyu ne na ƙasa, gefen hagu, suka yi kogo aka cire shekara 8 da suka wuce. Na gwada haƙorin roba mai cirewa, ya dame ni, na ajiye, na ci gaba da tauna goro da kilishi da gefe guda.

Daga Kano jirgi bai cika awa 5 ba muka sauka. Ina fitowa wani dillali ya tare ni da gurguwar Hausa, wai yana da likita, kwana 3 an gama komai. Har ya kama jakata. Ɗan maƙwabcina da ke karatu a Azhar ya iso a daidai lokacin, ya ce, "Baba, kada ka bi shi, kamashonsa a cikin kuɗinka yake." Mutumin ya bi mu da faɗa har bakin mota.

Yaron nan Allah ya saka masa. A Hayyul Ashir suke, cikin Madinatu Nasr, su shida a gida ɗaya. Ya bar mini katifarsa ya koma tabarma, kwana 12 yana yi mini tafinta, na ba shi kuɗi ya rantse ba zai karɓa ba. Kuka da daddawa da yajin da mahaifiyarsa ta aiko da su kuwa, a daren aka ɗora tukunya.

Asibiti uku muka zaga kafin na tsaya a wani a Dokki, ƙetaren Nilu. Ni a tunanina abin kamar haƙorin Makka ne, ka zauna a maƙala maka ka tashi. Ashe shi wancan hula ce ake sa wa haƙorin da ke nan. Wannan kuwa saiwa ake dasawa: ƴar kusa mai zare ta ƙarfen taitaniyam, a huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura ta, a rufe, a jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta gam, sannan a ɗora kan haƙorin. Likitan ya ce wani ɗan Suwidin, Buranemak, shi ya fara yi wa mutum a 1965. Sai ya juyo mini da hoton muƙamuƙina a kwamfuta, ya nuna inda ƙashin ya zaizaye ya sirance. "Ya Haj, ka daɗe," in ji shi. Wai ƙashin da babu saiwa a cikinsa janyewa yake yi a hankali. Gurbi ɗaya sai da aka yi masa ciko da garin ƙashi. Abin ya tsaya mini a rai, don da wani ya gaya mini haka ranar da aka cire su, da ban kai shekara 8 ba. Likitan bai taɓa ni ba sai da ya auna suga, ya kuma tambaya ko ina shan taba.

Aikin kansa babu zafi, an yi allura, sai ƙarar inji da dannawa. Kumburin ne ya kwana 3. Madara mai kauri da suke kira zabadi da miyar adas (wani ɗan ƙaramin wake) da ta huce, su na rayu a kansu, sai ruwan rake. Mu a gida sai mai haƙori ke shan rake, su matse shi suke a kofi a kowane lungu.

Farashi kuwa a yi hattara. Wanda ake fara faɗa maka sau da yawa na kusar ce kaɗai, kan haƙorin daban, cikon ƙashi daban, hoto daban. Ta Koriya ta fi araha, ta Suwizalan ta fi tsada. Na yi ciniki irin na Kwari, ɗan kaɗan aka rage, amma na nace sai da aka rubuta mini komai a takarda, har sunan kamfanin kusar da lambarta. Kuma tikiti biyu ne, tunda dole a koma. Da ka haɗa wannan, arahar ta ragu ƙwarai, ga shi a Abuja da Kano ma akwai masu yi. Misirawa akwai ɗaga murya da hon ba dalili, da son a miƙa na goro a kan abu kaɗan, amma sau biyu matasa suka tashi suka ba ni kujera a jirgin ƙasan cikin gari.

Na yi Juma'a a Azhar, na sayi turare da carbi a kasuwar Khan Khalili. Dalar Giza daga mota na hango ta. Rana ta 10 aka warware ɗinki. Bayan wata 4 zan koma, in Allah ya kai mu.