Jona laftof da intanet a Ringim

Shagona yana nan Ringim. Muna buga takardu, mu duba wa yara sakamakon WAEC da NECO, amma aikin da ya fi zuwa mini yanzu shi ne na masu laftof da ta ƙi hawa intanet. Kusan kowa cewa yake ta lalace, alhali yawanci lafiyarta ƙalau.

A gida, mutanenmu da waya suke jonawa. Matsalar ita ce ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin kwano ba ya barin sabis ya shiga sosai. Nakan ce a ɗora wayar a kan taga ta ɓangaren da ƙarfen sabis yake, ko a jona ta da kebul, don haka ta fi tsayawa kuma tana caji. Sai kuma ɓarawon da ba a gani: Windows tana jin intanet za ta hau sauke sabbin gyare-gyarenta, kafin a idar da sallar isha'i datar wata ta tafi. Akwai wurin da ake gaya mata cewa data a ƙidaye take. Ba na barin laftof ta fita daga shagona ban kunna shi ba, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 a farkon 2025.

Ɗaliban jami'o'in Dutse da Kafin Hausa sukan zo hutu da tsofaffin kwamfutoci na hannu. Ƙaramin batirin ciki, mai kamar kwabo, idan ya mutu sai kwanan wata ya koma shekarun baya, shafuka su yi ta ƙin buɗewa. Wani yaro har zai sayar da tasa da arha saboda wannan. Na canza batirin, na gyara agogo, shi ke nan.

Ma'aikata kuwa nasu daban ne. Wani lokaci an saita musu lambar sadarwa ta ofis, sai a dawo gida laftof ɗin ta ƙi hawa kowace intanet. Idan ta ofis ce ba na taɓawa, nakan ce, "Yallaɓai, mayar wa wanda ya saita ta."

Ana yawan tambayata Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam wadda ta shigo Najeriya a 2023. Tana aiki ko a ƙauyen da babu ƙarfen sabis, sai dai tana son sola mai ƙarfi da kuɗin wata. Ni dai layuka biyu nake riƙewa, idan ɗaya ya ɗauke in koma ɗayan.