Logbuk cike da hatimi ba ya nuna wanda ya iya aiki

Tun 1973 da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ɓullo da SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a kamfanoni, logbuk (littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi) ne babbar shaidar cewa ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa. 'Yan jami'a galibi wata shida suke yi, 'yan difloma ta ND irin na kwalejin fasaha ta Yabatech wata huɗu. Ƙa'ida ita ce a cike shi kullum, mai kula ya sa hannu duk mako. Amma da yawa a dare ɗaya suke cike na mako takwas, oga ya buga hatimi bai karanta ba.

Don haka ɗan kasuwar Mile 12 ko mai kamfani a Ikeja da aka kawo wa yaro neman aiki, gwajin awa ɗaya ya fi masa amfani.

A fara da Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta. A ba shi lissafin buhuna layi 50, minti 20, bayan an dasa kuskure uku da gangan: layi ɗaya ya maimaitu, farashi ɗaya ya rasa sifili, lamba ɗaya kuma an shigar da ita a matsayin rubutu. Ta ukun ce tarkon, domin SUM, umarnin da ke tara lambobi a Excel, tsallake ta yake yi shiru, jimilla ta fito kamar daidai. Ba sauri ake dubawa ba. Wanda ya tsaya ya ce “ranka ya daɗe, wannan farashin bai yi kama da sauran ba”, shi ne za a iya bar wa littafin shago.

Sai imel na layi biyar zuwa ga abokin ciniki da kwantenarsa ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Apapa: me ya faru, yaushe za ta fito, me ake yi a kai. Yawanci gaisuwa ce ke cinye layi uku, ranar fitowar kwantenar kuwa babu. A sa ya maimaita saƙon da baki cikin Turancin buroka, don da shi zai yi magana da direbobi.

Maganar lokaci, kowa ya san gosulon Legas. Wanda ya taso daga Agege ya kira tun 7:30 cewa zai makara ya fi wanda ya iso 8:20 da uzuri.

Sannan a buɗe logbuk ɗin a tsakiya, a tambaye shi me ya lalace a wannan makon, kuma wa ya gyara. Wanda ya kwafa ba ya wuce jimla biyu.