Karo-karon zaurenmu ya cika, ga godiya ga kuma bayani

Assalamu alaikum 'yan'uwa, masu rubutu da masu karatu.

Alhamdulillahi, daren jiya aka rufe asusun karo-karo, kuma abin da muka nema ya cika har da ɗan ɗori. 'Yan kwamiti suka ce ni zan rubuta saƙon godiya, wai tunda ni na fi kowa ruɗewa lokacin da maganar ta taso. Ban musa ba, don gaskiya suka faɗa.

Ga wanda bai san mafarin zancen ba, mu a zauren nan na intanet babu mai cin abinci da rubutun wasanni. Akwai malamin makaranta, akwai direba, akwai ma'aikaciyar jinya, ga ɗalibai birjik, ga waɗanda suka yi ritaya. Ciwonmu ɗaya ne: in mun kalli wasa ba ma iya barci sai mun rubuta abin da idonmu ya gani. Shekara da shekaru, wani dattijo a cikinmu ne yake biyan kuɗin rumbun da ake ajiye rubuce-rubucenmu, da kuɗin sabunta sunan zauren duk shekara, daga aljihunsa, ba tare da ya taɓa ɗaga maganar ba. Yawancinmu, har da ni, mun ɗauka abin kyauta ne. Sai ga shi aikinsa ya tsaya a daidai lokacin da kamfanin ajiyar ya ƙara kuɗi ya kuma ɗiba mana wa'adi. Ya kira ni a waya, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya sake tambayar iyali, kafin can ya ce, "Malam, bana kam abin ya fi ƙarfina." Na ce, "Haba Baba, me ya hana ka faɗa mana tun tuni?" Ya yi 'yar dariya ya ce da ya faɗa, da mun bar rubutu mun koma lissafi. Na ajiye waya kunya ta rufe ni. Mu da muke iya faɗin yawan ƙwallayen da ɗan wasa ya ci a kakar da ta wuce ba tare da duba takarda ba, ba mu taɓa tambayar wa ke riƙe da rufin da muke zaune a ƙarƙashinsa ba. Saboda haka godiyar farko tasa ce. Baba, ka hana a ambaci sunanka, mun ji. Allah ya saka maka da alheri, ya buɗa maka inda ba ka zato.

Bango na tsagewa ƙadangare ya leƙo. Ko mako ba a yi ba wani kamfanin cacar wasanni ya aiko mana da tayi: zai ɗauki duk ɗawainiyar, mu kuma mu riƙa maƙala tallansa a jikin kowane rubutu, mu ɗan riƙa hasashen wasannin ƙarshen mako. Ba zan ɓoye muku ba, an yi muhawara mai zafi, kuma waɗanda suka ce a karɓa ba mutanen banza ba ne. Hujjarsu ita ce duniyar ƙwallo cike take da kuɗin caca, manyan ƙungiyoyi ma sun daɗe da shi a ƙirjin rigunansu, mu wane ne? Wata 'yar'uwa a cikinmu ta tuna musu cewa su kansu ƙungiyoyin Firimiyar Ingila sun amince a watan Afrilun 2023 za su cire tallan caca daga gaban rigunan wasa bayan kakar 2025/26, duk da sun bar shi a hannun riga da allunan gefen fili. Ta ce in masu tulin dukiya sun fara jin nauyin abin, mu da rabin masu karanta mu yara ne 'yan makaranta fa? Ni dai abin da na faɗa a zaman gajere ne: wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da ɗayanmu zai so rubuta yadda caca ta cinye abokinsa, wa zai hana shi in ba mai biyan kuɗin ba? Aka kaɗa ƙuri'a, aka ba kamfanin haƙuri.

Daga nan muka shiga karatun da ba mu taɓa yi ba, wato yadda ake karo-karo ta intanet. Ashe hanyoyin sun bambanta. Tsarin Kickstarter, wanda ya fara a 2009, shi ne in ba a kai adadin da aka ɗiba ba, ba a cire ko sisi daga asusun kowa. Na GoFundMe, da ya biyo baya a 2010, duk abin da aka tara naka ne ko bai cika ba. Patreon kuwa, na 2013, biyan wata-wata ne, kamar kuɗin ƙungiya. Muka ga biyan wata-wata zai zame wa ɗalibanmu nauyi, kuma yakan raba mutane gida biyu, masu biya da 'yan rakiya. Sai muka tsaya a kan a tara sau ɗaya, da alkawarin in bai cika ba kowa za a mayar masa da nasa. Mun kuma koyi cewa ba duk abin da mutum ya tura ke isowa ba, masu hada-hadar tura kuɗi suna yankar kasonsu, don haka dole a ƙara shi cikin lissafi tun farko. Wani akawu a cikin masu karatu ne ya ankarar da mu, bayan har mun riga mun sanar da adadi. Ranka ya daɗe, da ba don kai ba da mun yi murnar cikar kuɗin da bai cika ba.

Kwanakin farko abin ya tashi da gudu. Daga nan ya tsaya cak. Kusan kwana goma in na duba sai in ga adadin yana nan inda na bar shi, har na fara zargin wayata. A wannan tsakanin ne ma'aikaciyar jinyar nan tamu ta kawo shawarar a daina roƙo, a riƙa fito da tsofaffin rubuce-rubuce ɗaya bayan ɗaya don mutane su ga abin da zai salwanta.

Na farko da muka ciro shi ne na daren 18 ga Disamba, 2022, wasan ƙarshe na Kofin Duniya tsakanin Ajantina da Faransa a Lusail, ƙasar Qatar. Direban nan namu ne ke da alhakin rubuta shi, kuma mun ci sa'a ya adana duk kwafin da ya yi a daren. Messi ya ci da bugun fenareti, Di María ya ƙara kafin hutun rabin lokaci, don haka tun kafin minti na 80 ya gama rubutunsa tsaf, ya kwatanta Faransa da baƙon da ya zo biki ya rasa kujera. Sai Mbappé ya farke ɗaya a minti na 80, ya farke ta biyu a minti na 81. Ya goge sakin layin farko. A ƙarin lokaci Messi ya sake ci, ya dawo da abin da ya goge, da ɗan gyara. Mbappé ya cike ta uku da wani fenaretin, irin abin da ba a gani ba a wasan ƙarshe tun Geoff Hurst a 1966, ya sake gogewa. A kwafi na huɗu, daidai inda mai tsaron gidan Ajantina, Emiliano Martínez, ya miƙa ƙafa ya tare ƙwallon Kolo Muani ana daf da tashi, babu jimla ko ɗaya sai haruffa a warwatse, alamar yatsa ya danne allon waya. Sai bayan Montiel ya buga ta ƙarshe, Ajantina ta yi nasara 4 da 2 a bugun daga kai sai mai tsaron gida, sannan ya samu ya rubuta wanda kuka karanta. Muka jera kwafin biyar kamar yadda suke. A ranar, kuɗi ya sake motsi.

Na biyu na wata ɗaliba ce da ba ruwanta da ƙwallo, ita gudu take bi. A daren 11 ga Fabrairu, 2024, kowa a zauren yana kan wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan, inda Kwaddibuwa ta doke Najeriya 2 da 1. Ita kaɗai ta zauna ta rubuta ta'aziyyar Kelvin Kiptum, ɗan Kenya da ya rasu a haɗarin mota a wannan daren tare da kocinsa, yana da shekara 24, wata huɗu kacal bayan ya kafa tarihin gudun famfalaki na duniya a Chicago da awa 2 da daƙiƙa 35. A lokacin 'yan ƙalilan ne suka karanta, hayaniyar ƙwallo ta rufe shi. Da muka sake fito da shi, wani bawan Allah ya turo gudummawa da gajeren saƙo cewa shi ma mai gudun safe ne, kuma bai san akwai mai rubuta irin wannan da harshensa ba.

Sai kuma labarin Union Berlin, ƙungiyar ƙwallo ta Jamus, wanda ya dawo mana ta inda ba mu zata ba. Malamin makarantar nan ya taɓa rubuta yadda a 2004, da ƙungiyar ta rasa kuɗin da za ta ci gaba da buga gasa, magoya bayanta suka riƙa zuwa ba da jini suna miƙa mata ɗan abin da ake ba su, da yadda a 2008 zuwa 2009 mutum sama da 2,000 suka yi aikin gyaran filin wasanta da hannunsu kyauta. Ƙungiyar da ta hau Bundesliga a 2019, ta kuma buga Gasar Zakarun Turai a 2023. Lokacin da ya rubuta, labarin ban mamaki ne na wasu mutane can nesa. Ana saura kwana uku a rufe asusu, wata uwa ta turo nata, ta ce ɗanta ne ya karanta mata wannan labarin, ita ba ta da jinin bayarwa saboda shekaru, amma ga abin da ya sawwaƙa. Hajiya, ba ki san bambancin satar gida da bugun kusurwa ba, ke da kanki kika faɗa, amma saƙonki shi aka fi karantawa a zaman kwamiti. Allah ya raya miki zuri'a.

Abin da ya fi taɓa ni da na zauna duba jerin masu bayarwa shi ne yawancin kuɗin ƙanana ne. Manyan gudummawa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma mun gode musu ƙwarai. Amma tulin daga masu 'yan canji ya taru, wasu sun turo sau biyu, sau uku, duk lokacin da wani abu ya shigo hannu. Akwai wanda ya nemi gafara saboda ƙanƙantar abin da ya bayar. Ɗan'uwa, ba mu karɓi wannan neman gafarar ba. Akwai waɗanda ba su da abin bayarwa suka dage da yaɗa sanarwar har abokansu suka gaji da su. Akwai mai zane da ya yi mana hoton sanarwa kyauta, da matashin da ya kwana biyu yana kwashe kwafin dukkan rubuce-rubucen zuwa wani wuri don ko ta kwana. Kai har magoya bayan Real Madrid da na Barcelona na zauren nan, waɗanda ba sa haɗuwa a kan ko gaisuwa, sun yi gasar wa zai fi bayarwa. An roƙe ni kada in faɗi wanda ya ci. Zan dai ce ɓangaren da ya sha kaye ya nemi a duba VAR, bidiyon nan da alƙalin wasa ke dubawa.

Ina da laifi guda da ya kamata in amsa a bainar jama'a. A sanarwar tsakiyar wata na saka sunayen wasu mutum biyu da suka ce a sakaya su. Na cire cikin awa guda, na kuma ba su haƙuri a keɓe, amma tunda a fili na yi kuskuren, a fili nake sake neman afuwa.

Yanzu batun amana. Kuɗin nan ba albashin kowa ba ne, babu marubucin da zai karɓi ko sisi, 'yan kwamiti ma haka. An riga an biya kuɗin rumbun ajiya da na sunan zaure, an mayar da su ƙarƙashin mutum uku maimakon mutum ɗaya, don kada nauyin ya sake komawa wuyan wani shi kaɗai a ɓoye. Za a ware wani kaso don sayen izinin amfani da hotuna, tunda hoton wasa yana da mai shi, kuma mun daɗe muna ɗauka kamar a bakin hanya muka tsinta. Ɗorin da ya rage mun so mu mayar wa Baba wani abu daga cikin abin da ya kashe, ya ƙi, har ya nuna zai yi fushi. Sai aka tsayar a sayi ƙaramar na'urar naɗar murya guda biyu da za a riƙa ba da aro ga masu son yin hira da 'yan wasa da kociyoyin ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda manyan jaridu ba sa waiwaya. Duk wata uku akawun nan zai fitar da lissafin shige da fice tare da rasit, kuma duk wanda ya bayar, komai ƙanƙantarsa, yana da ikon ya tambaya a ba shi amsa.

Akwai gudummawa guda huɗu da suka shigo babu suna babu saƙo. In da gangan ne, Allah ya san ku, ya ba ku lada. In kuma kuskure ne, ku tuntuɓi kwamiti a gyara kafin ƙarshen mako, don ranar Litinin za a rufe lissafin farko. Masu rubutun wasannin Asabar kuma, ɗan hutun da kuka samu da sunan karo-karo ya ƙare, edita na jiran aikinku kafin ƙarfe goma na dare.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.