Fulawar da ta nutse a New York

A shekarata ta uku a sashen shari'a, na ɗauka dokar sakaci hadda ce kawai. Na cika takardar gwaji da sunayen shari'o'in Ingila, malaminmu ya dawo mini da ita da jan biro a gefe: "To, shi mutumin me ya kamata ya yi?" Ya ce in je in nemo hukuncin wani alƙalin Amurka, Learned Hand. Na zaci kirarin ilimi aka yi masa da wannan suna, tunda "Learned" na nufin mai ilimi a Turanci, ashe sunan dangin mahaifiyarsa ne.

Shari'ar Carroll Towing ce, ta 1947. A watan Janairun 1944, wani jirgin dakon kaya mara inji, Anna C, ɗauke da fulawar gwamnatin Amurka, ya kwance daga inda aka ɗaure shi a tashar jiragen ruwa ta New York. Ya bugi farfelar wani jirgin mai, ya huje, ya nutse. Mai gadinsa tun yammacin jiya ya sauka, kusan awa 21 ba a ga ƙeyarsa ba. Hand bai tsaya dogon wa'azi ba, abu uku ya ɗora a sikeli: yiwuwar jirgin ya kwance, girman asarar idan ya kwance, da wahalar ajiye mai gadi a kai. Idan wahalar kiyayewa ba ta kai haɗari da asara ba, wanda bai kiyaye ba ya yi sakaci. Bai ce a ɗaure mai gadi a jirgi dare da rana ba, amma da rana tsaka, lokacin yaƙi, tasha cike da jirage, ba shi da uzurin tafiya yawo.

Sau uku na karanta, ina jin kunyar takardata.

Daga baya na bi tarihinsa. Ya zama alƙalin tarayya a 1909. A 1917 ya hana hukumar gidan waya toshe mujallar The Masses mai sukar yaƙi, kotun sama ta rushe hukuncin, kuma sai 1924 ya samu hawa kotun ɗaukaka ƙara ta biyu da ke New York. A 1942 an yi ta roƙon Shugaba Roosevelt ya kai shi Kotun Ƙoli, aka ce shekara 70 ta yi yawa. Ya ci gaba da zama kotu har rasuwarsa a 1961, shekara 52 yana alƙalanci.

Ban yarda cewa komai na shiga sikelinsa ba. Ran ɗan Adam ba buhun fulawa ba ne. Amma a jarrabawar ƙarshen zango, da aka kawo tambayar rijiyar da aka bari a buɗe, farkon abin da na rubuta shi ne nawa murfinta zai ci.